Daga Kwoi Zuwa Damagaram: Iyayen Da Ke Tsallaka Iyaka Domin Ɗauko 'Ya'yansu Masu Bishara

Wanda ya san Nok a littafi, mutum-mutumin yumɓu ya sani, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Amma mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, suna da wani tarihin da ya fi wannan kusa da gida. A Kwoi, hedkwatar ƙaramar hukumar da Nok ke cikinta, ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tasha a 1910, kuma daga nan bishara ta yi saiwa a ƙasar.

Farkon ƙungiyar labarin wata uwa ne da ba ta sake ganin ɗanta ba. Margaret Gowans, mazauniyar Toronto a Kanada, ita ta ƙarfafa ɗanta Walter da Rowland Bingham su nufi ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran wannan yanki a lokacin. Sun sauka Legas tare da Thomas Kent a Disamban 1893. Kafin 1894 ta ƙare, zazzaɓi ya kashe Walter a Girku ta ƙasar Zazzau, ya kashe Kent a Bida. Bingham kaɗai ya koma. Babu jirgin sama, babu waya. Inda ɗa ya faɗi, nan kabarinsa.

Yau al'amarin ya juya. Ƙasar da ta karɓi baƙi ita ce take aikawa. Tun 1948 masu bi 'yan ƙasa suka kafa tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda yanzu ake kira EMS, ƙarƙashin ikilisiyar ECWA da ta tsaya da ƙafarta a 1954. Makarantar tauhidi ta Kagoro, kusa da Kafanchan, ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata. Hausa ita ce harshen sujada a yawancin majami'un Kudancin Kaduna, saboda haka matashi daga Kwoi ko Zonkwa ba ya bukatar tafinta a Maraɗi ko Damagaram. Abin da ke sauƙaƙa tafiyarsa ke nan.

Dawowar ce ba ta da sauƙi. A ka'ida, ƙungiyar da ta aika ma'aikaci ita ke dawo da shi. Sai dai idan ciwo ya kwantar da shi, ko matarsa ta kusa haihuwa a ƙauyen da babu asibiti, ko gari ya rikice, zuciyar uwa ba ta jiran zaman kwamiti. Kuma fargabar tana da dalili. A Janairun 2015, zanga-zangar da zanen ɓatanci na mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ya haddasa ta ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu. Wani Ba'amurke ma'aikacin agaji na Kirista da aka sace a Abalak a Oktoban 2016 bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Maris na 2023.

Tafiyar kanta doguwa ce ga dattijo: Kafanchan zuwa Kano, Kano zuwa Daura, a tsallaka ta Kongolam a bi Matamaye zuwa Damagaram, ko kuma Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi. Kuɗin mota sau da yawa daga baikon ikilisiya da gudummawar Zumuntar Mata yake fitowa, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, abin da aka tara a gida kan narke da zarar an canza shi zuwa sefa, wadda take ɗaure da yuro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar ma baki ɗaya, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun ce shige da fice babu biza zai ci gaba, amma mai hankali ba ya fita sai da cikakken fasfo da katin rigakafin shawara.

A nan ne wayar ma'aikacin tarayya ke ƙara. Duk ɗan Jaba da ke aiki a Abuja, a wurin dangi shi ne gwamnati. Akwai abin da zai iya: ya taimaka da fasfo a Hukumar Shige da Fice, ya sa a sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Yamai da kuma ofishin EMS a Jos kafin tsofaffin su kama hanya. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinsa. Jami'in jakadanci yana iya ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda fasfonsa ya ɓace, amma ba shi da ikon tilasta wa baligi ya bar inda yake.

Wannan shi ne abin da iyaye da yawa ba sa shirya masa. Ɗan da suka je ɗaukowa ya riga ya zama malam a garin. Yana da masu bi, yana da maƙwabta Musulmi da yake gaisawa da su kullum, kuma a ganinsa kira ya amsa. Uba na iya yin kwana biyu a hanya, ya isa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo fura, ɗan ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya roƙi Baba ya tafi da jikokin, shi sai bayan girbi.