Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Daga Wikki Zuwa Bakin Teku

Ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi bai san hunturu ba. Ko da bazara, ko a tsakiyar sanyin Janairu, ɗuminsa yana nan kusan digiri 31, dare da rana. Daga gindin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, har kana hango yashin ƙasansa. Sai dai uwargida ta riƙe kular abinci da kyau, domin gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar baƙo. A dajin kuma akwai kogon dutse har 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa da hannu.

Ga wani abu da masu shirin fita da iyali kan manta: lokacin ganin ruwa daban, na ganin namun daji daban. Giwayen Yankari da rani ake ganinsu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta koro su bakin kogin Gaji. Ita kuwa matsirgar ruwa ta Gurara a Jihar Neja da damina take nuna ƙarfinta, ta cika ta batse, ƙararta ta hana ka jin maganar na kusa da kai. In rani ya yi sai ta lafa, duwatsu su fito, a shimfiɗa tabarma. A ganina mai ƙananan yara ya jira wannan lokacin, don dutse mai santsi ba abin wasa ba ne.

Farin Ruwa, kusa da Wamba a Jihar Nasarawa, an ƙiyasta tsawon zubowarsa da mita 150. Shahararriyar matsirgar ruwa ta Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe mita 108 ce, faɗinta ne ya sa ta yi suna.

A Ikogosi ta Jihar Ekiti, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ta ruwan sanyi suna gangarowa kafaɗa da kafaɗa kafin su haɗe. Yaro zai iya tsoma hannu ɗaya a nan, ɗaya a can.

Kusa da Kiribi a Kamaru, kogin Lobe ba ya shiga teku a hankali yadda koguna suka saba. Daga kan duwatsu yake rikitowa kai tsaye cikin Tekun Atilantika, kuma irin wannan ba shi da yawa a duniya. A Lekki ta Legas kuwa akwai gada mai lilo a saman itatuwa, tsawonta mita 401.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kacal suka rage, yanzu sun haura 600. Babu shinge, babu keji. Cikin gonakin mutane suke yawo, su ci ganyen gawo, wani lokaci su taɓa waken manomi, a yi haƙuri da su. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji, inda aka yi shekaru masu yawa ba a ga ko ɗaya ba. Mai niyyar kai yara can ya fara tambayar halin tsaron hanya kafin ya ɗaura kaya.