Kimiyya da Fasaha: Yadda ake zaɓen RAM da zai dace da uwar allon kwamfuta

A yau shirin zai duba wata matsala ce da kan janyo wa masu harhaɗa kwamfuta da kansu asarar kuɗi, wato sayen ma'adanar wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM, da ba ta dace da injin ba.

A ce kana zaune a London ko Jidda, ƙaninka a Kumasi ko Garwa ya aiko maka cewa kwamfutarsa tana jan jiki, yana bukatar ƙarin RAM. Ka shiga kanti ka sayi mafi tsada, ka ba wani matafiyi ya kai masa. Bayan makonni sai ga waya, abin ya ƙi shiga. Mayar da shi kuwa ya fi sayensa wuya. Ga shi kuma kayan ba su da araha, domin tun a ƙarshen shekara ta 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, sakamakon yadda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta wawure abin da manyan kamfanonin nan uku, Samsung da SK Hynix da Micron, ke ƙerawa.

To da farko dai mene ne RAM? Ka ɗauki faifan ajiya na kwamfuta tamkar rumbu, shi kuma RAM tamkar tabarmar da ake baje hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Idan tabarmar ta yi ƙanƙanta, sai a yi ta zirga-zirga zuwa rumbu, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ne ya ƙirƙiro nau'in RAM ɗin da ake sakawa a kwamfutocin yanzu a shekarar 1966. A kwamfutar tebur RAM yana zuwa ne a siffar 'yar siririyar sanda mai haƙoran zinariya a gefe guda, ana cusa ta a wani gurbi da ke jikin babban allon da ke haɗa dukkan sassan injin, wato uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod. Ita wannan uwar allo ita ce mai yanke hukunci, ba aljihunka ba. Saboda haka kafin ka taya ko da sanda ɗaya, nemi sunanta da lambarta, a rubuce suke a jikinta da kuma kwalinta.

Abu na farko da lambar za ta gaya maka shi ne zuriyar RAM ɗin da allon ke karɓa. Hukumar JEDEC da ke Amurka ce ke tsara ƙa'idojin. DDR3 ya shigo kasuwa a 2007, DDR4 a 2014, sannan aka fitar da ƙa'idar DDR5 a 2020. Waɗannan zuriyoyi ba sa shiga gurbin juna. DDR3 na kwamfutar tebur yana da haƙora 240, yana aiki da wuta bolt 1.5. DDR4 da DDR5 kuwa kowannensu haƙora 288 ne da shi, abin da kan ruɗi mutane ke nan, amma na farko bolt 1.2 yake sha, na biyun 1.1. Domin hana kuskure ne aka bar wani ɗan giɓi a tsakanin haƙoran, kuma wurin giɓin ya bambanta daga zuriya zuwa zuriya. Idan ka ga sanda ta ƙi zama, kada ka matsa mata da ƙarfi, karya gurbin za ka yi.

A nan akwai wani tarko. Allunan AMD masu mazaunin AM4 DDR4 suke karɓa, masu AM5 da suka fito a 2022 kuwa DDR5 kaɗai. Amma furosesa na Intel zuriya ta 12 da ta 13 da ta 14 suna iya aiki da duka biyun, sai dai kusan kowace uwar allo guda ɗaya take ɗauka. Wato ke nan sanin sunan furosesa kawai bai wadatar ba.

Abu na biyu shi ne girman jiki. Sandar kwamfutar tebur, DIMM, tsawonta kimanin santimita 13 ne, ta laftof kuwa, SO-DIMM, kusan rabin haka. Yawancin siraran laftof na zamani ma an like RAM ɗinsu ne a jikin allo, ba a iya ƙara musu komai.

Sai kuma kayan hannu. Sau da yawa za ka ga sanda mai gigabayit 32 ana sayar da ita da arahar da za ta ba ka mamaki. Duba takardar da ke manne a jikinta. Idan ka ga an rubuta RDIMM ko REG, to an ciro ta ne daga manyan injunan kamfanoni da ake kira saba. Za ta iya zama daram a gurbin DDR4, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da ita ba. Araha dai, in ji Hausawa, ba ta ado.

Game da sauri kuma, lambar da ke kan kwali, alal misali 3200 ko 6000, ba lallai ne ita za ka samu da zarar ka kunna ba. Sandunan da aka yi wa masu wasannin kwamfuta kan fara ne da ƙaramin sauri, kamar 2133 a DDR4 ko 4800 a DDR5, sai ka shiga saitin BIOS ka kunna XMP na Intel ko EXPO na AMD. In kuma ka haɗa mai sauri da marar sauri, dukkansu za su bi tafiyar na baya ne. Kamfanonin alluna kan wallafa jerin sandunan da suka gwada da kowane allo, mai suna QVL, tare da iyakar gigabayit ɗin da allon ke ɗauka. Rashin ganin sanda a jerin ba ya nufin ba za ta yi aiki ba, amma wadda ke ciki ta fi kwanciyar hankali, musamman in kayan ƙetare teku za su yi.

Wata shawarar ita ce, sanduna biyu masu gigabayit 8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin injin zai riƙa ɗebo bayanai ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Ka saye su tagwaye a kwali ɗaya. A allo mai gurbi huɗu, galibi ana sa su ne a gurbi na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa, amma littafin allon shi ne raba gardama.

Ranar sakawa, cire wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin domin sauke lantarkin da ke jikinka, ka riƙe sandar ta gefe, ka danna har maƙallan su yi ƙas. Idan DDR5 ne kuma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa na 'yan mintoci a kunnawar farko, kada hankalinka ya tashi, allon yana daidaita kansa ne da sabon baƙon. Daga nan ka gwada shi da manhajar MemTest86 tun wa'adin mayar da kaya bai wuce ba.

Saboda haka idan ɗan'uwa ya ce ka sayo masa RAM, ka ce ya fara turo maka hoton lambar uwar allonsa da na takardar tsohuwar sandar da ke ciki. Da waɗannan hotuna biyu ba za ka yi sayen makaho ba.