Zaɓen unguwar zama ga mai aiki a birni: a haɗa kuɗin haya da kuɗin hanya

Manomin Adar ya san darajar kusanci. A ƙasar Ibohaman, cikin gundumar Keita, wanda gonarsa take da nisa da gari yakan kafa tunga a bakin gonar idan damina ta faɗi. Yana yin haka ne domin kada tafiya ta cinye ƙarfin da zai yi noma da shi, kuma kada korama ta tare shi ranar da aka yi ruwa. Wannan lissafin shi ne ya kamata mutum ya tafi da shi birni.

Kowace shekara, bayan an gama girbi, magidanta da samari da yawa daga Keita, Buza da Madawa suna tafiya biɗa. Wasu suna tsayawa Tawa ko Ƙwanni, wasu su nufi Maraɗi, wasu kuma su bi ta Dogon Dutsi da Doso har Yamai. Abu na farko da baƙo yake nema shi ne wurin kwana, kuma yawanci ɗakin da ya fi araha shi yake kamawa. Amma ɗaki mai araha da ke nesa da wurin aiki yana iya fin na kusa tsada. Za mu ɗauki Yamai mu yi misali da ita, domin a can ne matsalar nisa ta fi fitowa fili.

Yadda birnin Yamai yake

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, mutanen Yamai sun haura miliyan 1, kuma tun daga lokacin birnin yana ta faɗaɗa. An raba shi ƙananan hukumomi 5. Kogin Kwara ya ratsa shi. Huɗu daga cikinsu suna gefe ɗaya, inda Babbar Kasuwa, kasuwar Katako da mafi yawan ma'aikatun gwamnati suke. Ta biyar tana ƙetaren kogi, wajen da ake kira Harobanda, inda jami'ar Abdu Mumuni take.

Shekaru da yawa gada ɗaya ce ta haɗa gefen biyu, wato gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. An buɗe ta biyu a 2011, ta uku kuma a 2021. Duk da haka, wanda yake kwana a gefe ɗaya yana aiki a ɗaya gefen, dole ne ya bi ta gada safe da yamma, a lokacin da kowa yake son wucewa.

Unguwanni kamar Bukoki suna dab da kasuwar Katako, ana zuwa da ƙafa. Wasu, irin su Kwara Tegi da Saga, suna can bakin gari. Masu zama bakin gari suna shiga taksi ko ƙananan motocin haya da ake kira faba-faba. Wani lokaci mota ɗaya ba ta kai mutum wurin aikinsa, sai ya sauka ya sake shiga wata, ya sake biya.

Mu yi lissafi tare

Ga misali. Kuɗin da muka sa a nan na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya tambayi farashin garin da yake, ya sa a madadinsu.

Wani lebura yana aiki a kasuwa kwana 26 a wata. An nuna masa ɗaki biyu.

Ɗaki na farko yana kusa da kasuwa. Hayarsa jika 20 a wata. Da ƙafa zai riƙa zuwa aiki, ba ya biyan mota.

Ɗaki na biyu yana bakin gari. Hayarsa jika 10 a wata. Amma zai biya dala 50 zuwa, dala 50 dawowa, wato dala 100 kowace rana. A kwana 26, kuɗin mota ya kama jika 13. Idan aka haɗa da haya, ya zama jika 23.

Ashe ɗakin da aka ce mai araha ya fi ɗayan tsada da jika 3 kowane wata. Idan mutumin ya yi wata 8 a birni, ya yi asarar jika 24. Wannan kuɗi ne da zai iya aikawa gida a sayi hatsi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Idan kuwa yana tare da matarsa ko ƙanensa da shi ma yake shiga mota kullum, kuɗin hanya ya ninka, ya zama jika 26.

Dalilin da ya sa mutane ba su lura da wannan shi ne, haya ana biyanta gaba ɗaya, sai ta yi nauyi a ido. Kuɗin mota kuwa kaɗan-kaɗan yake fita, ba a jin zafinsa sai wata ya ƙare aljihu ba kome.

Lokaci ma dukiya ne

Wanda yake yin awa 1 zuwa, awa 1 dawowa, ya kashe awa 52 a kan hanya cikin kwana 26. Idan yinin aiki awa 8 ne, wannan ya kai yini 6 da rabi. Ga mai aikin yini, makara tana nufin rasa aikin ranar, domin masu ɗaukar leburori da sassafe suke zuwa, su ɗauki waɗanda suka tarar. Ga mai gadi ko mai aikin gida, yawan makara yana kawo kora. Mai karatun yaƙi da jahilci da yamma shi ma ya lura: idan sai bayan isha'i yake isa gida a gajiye, karatu zai tsaya.

A duba wuri da idon damina

Masu zuwa biɗa suna isa birni da rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Unguwar da take da kyau a watan Nuwamba tana iya zama tafki a watan Agusta. A Yamai an yi manyan ambaliyoyi a 2010, 2012 da 2020. A watan Satumba na 2020 kogi ya cika fiye da yadda aka saba gani, ruwa ya shiga unguwannin da ke bakinsa, kamar Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga, gidaje da yawa suka rushe. A sani kuma kogin yana cika sau biyu: da damina, sa'an nan cikin sanyi, lokacin da ruwan da ya taso daga ƙasashen Gini da Mali yake isowa.

Mutumin Adar ya san halin korama, ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. Saboda haka, kafin a kama ɗaki, a dubi gindin bango ko akwai shaidar ruwa. A dubi ko gidan yana cikin kwari. A tambayi maƙwabta ko mota tana shigowa unguwar idan an yi ruwa. Inda ruwa yake kwanciya, sauro yana yawa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana cin kuɗin magani da kwanakin aiki.

Kusa ba kullum ne ya fi ba

Akwai gidajen tsakiyar gari da mutane suka yi yawa a ciki, iyali goma suna bin makewayi ɗaya, yara ba su da filin wasa. Mai iyali yana iya ganin ya fi masa ya ɗan matsa baya, ya samu sarari da kwanciyar hankali. Wannan ba laifi ba ne, muddin ya yi lissafi ya ga zai iya. Wanda yake da keke ko babur, nisa ba ya damunsa kamar mai bin motar haya, amma ya sa kuɗin mai da na gyara a cikin lissafinsa. Abin da ya fi dacewa ga mutane da yawa shi ne unguwar da take tsaka-tsaki, kusa da babbar hanya, inda mota ɗaya take kai mutum wurin aiki.

Abubuwan da za a yi kafin a biya kuɗin haya

1. A fara samun aiki, sa'an nan a nemi ɗaki. Kafin nan a sauka wurin ɗan'uwa ko mutanen garinku.

2. A gwada hanyar da kai, da sassafe, a ranar aiki. Zuwa da kai ya fi aike. A lura da lokacin da aka fita da lokacin da aka isa.

3. A tambayi ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi da dare. Wannan ya shafi masu tashi aiki a makare, musamman mata.

4. A duba nisan famfo, makarantar yara da gidan likita. Idan ruwa sai an saya wurin masu turo shi a kura, shi ma a sa shi cikin lissafi. Mata da yara su ne suka fi shan wahalar nisan waɗannan wurare, don haka a yi shawara da uwargida.

5. Kada a biya kuɗin watanni da yawa tun ba a san unguwa ba. Duk abin da aka biya, a karɓi takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata, yawan kuɗi da sa hannun mai gida. A nan ne amfanin iya karatu da rubutu yake bayyana.

6. Mai son sayen fili a bakin gari ya je ma'aikatar magajin gari ya tabbatar da takardun filin, ya kuma tabbatar ba hanyar ruwa ba ce.

Wannan shawara ba ta Yamai kaɗai ba ce. A Tawa, Ƙwanni da Maraɗi, inda aka fi hawan kabu-kabu, lissafin ɗaya ne: haya, da kuɗin hanya, da lokaci.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Mutum yana biyan dala 60 zuwa, dala 60 dawowa, kwana 25 a wata. Nawa yake kashewa a hanya?

Waɗanne alamu ne suke nuna ruwa yana shiga gida da damina?

A cikinku, wa ya taɓa zama nesa da wurin aikinsa? Me ya samu, me ya rasa?