Ɗaukar sautin gitar da mikro biyu: abin da ke gyara aikin da abin da ke ɓata shi

A unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, matasa da dama sun maida ɗaki guda na gidansu situdiyo. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, kask, da ɗan akwatin da ke haɗa mikro da kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira kart-son. Galibin waɗannan akwatuna ƙofa biyu gare su, shi ya sa wanda ya samu ƴan kuɗi yake sayen mikro na biyu domin ɗaukar gitar ta katako, wadda ba a jona wa lantarki. Sai dai sau da yawa waƙa takan yi daɗi cikin kask, amma da an tura ta ta WhatsApp aka saurara a salula, sai gitar ta koma siririya kamar cikin gwangwani ake kaɗa ta. Wannan matsala tana da dalili, tana kuma da magani.

Me mikro na biyu ke ƙarawa?

Sautin gitar ba daga wuri guda yake fita ba. Wajen wuyanta ake jin tsinin sauti da motsin yatsu bisa tsirkiya. Wajen jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke zaune a kai, nan ake samun kauri da ɗumi. Ramin tsakiya kuwa gurnani yake fitarwa, don haka ba a saita mikro daidai bakinsa. Mikro guda ɓangare ɗaya yake kamawa. Biyu na iya kama duka, su ba da faɗin da kunne ke ji daga hagu da dama, abin da ake kira sitiriyo. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun a 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar hanyoyin ɗaukar sauti irin wannan.

Inda matsalar take

Sauti na tafiya kimanin mita 340 cikin daƙiƙa guda, yana tura iska yana janyo ta. Idan mikro ɗaya ya fi ɗayan nisa da gitar, sauti ba ya isa gare su lokaci guda. Misali, sautin da ke kaɗawa sau 1.000 a daƙiƙa tsawon igiyarsa santimita 34 ne. Idan bambancin nisan ya kai santimita 17, lokacin da mikro na farko ke jin turawa, na biyu janyewa yake ji. Da an haɗa su, sai su kashe juna.

Cikin kask ba a cika lura ba, domin kowane kunne nasa yake ji daban. Amma salula mai lasifika guda, da ƙaramar rediyon kan tebur, haɗe su suke wuri ɗaya. A nan ne gitar ke ramewa.

Hanyoyi uku na jera mikro

Ta farko ita ce XY, wadda ta fi sauƙi ga mai koyo. Ana ɗora kawunan mikro biyu, ɗaya bisa ɗaya, kusan suna taɓa juna, a buɗe su digiri 90, a ajiye su santimita 20 zuwa 30 daga inda wuyan gitar ya haɗu da cikinta. Tun da wuri guda suke, sauti na isa gare su tare, ba abin da ke ɓacewa. Faɗin dai ba shi da yawa.

Ta biyu ita ce ORTF, wadda injiniyoyin gidan rediyon gwamnatin Faransa suka tsara wajajen 1960. Ana barin santimita 17 tsakanin kawunan, a buɗe su digiri 110, kusan yadda kunnuwan mutum suke. Ta fi XY faɗi, amma tana kwaso sautin ɗakin, don haka tana son ɗaki mai kyau.

Ta uku ita ce a raba su: ɗaya wajen layin ƙarfe na 12 na wuyan gitar, ɗaya wajen jaki. Ita ta fi faɗi, ita kuma ta fi haɗari. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce tazarar da ke tsakanin mikro biyu ta ninka nisansu da gitar sau uku: idan kowane na santimita 20 daga gitar, a bar aƙalla santimita 60 tsakaninsu. A kuma auna da zare, domin nisan biyu ya zo daidai.

Gwajin da bai kamata a tsallake ba

Kafin a ɗauki waƙa gaba ɗaya, a ɗauki daƙiƙa 20, a haɗe sautin biyu ya koma mono, a saurara. Ko manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana yin wannan. Idan kaurin gitar ya ragu, a matsa mikro ɗaya da faɗin yatsa biyu, a sake. Idan ya ɓace kusan duka, a juya fuskar sautin ɗayan daga cikin manhajar. Sannan a tura gwajin cikin salula a ji da kunne.

Ɗaki ma na da nasa. Bangon siminti da rufin kwano suna maido da sauti, mikro biyu kuwa duk abin da ke ɗakin suke kwasa. Katifa jingine da bango, bargo a ƙofa da darduma a ƙasa suna rage amon. A kashe fanka, a nisanta gurup, a jira kabu-kabu su lafa. Mikro irin na situdiyo na buƙatar a kunna masa maɓallin 48V na kart-son. Tsirkiyar da ta fi kauri a gitar na kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, saboda haka ana iya yanke duk gurnanin da ke ƙasa da haka ba tare da an taɓa kiɗan ba.

Me ya sa salula ce alƙali?

Tarihin kiɗan gitar a Nijar ya nuna haka. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka bazu, har ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Yawancin masu sauraro har yau ta wannan ƙaramar lasifika suke fara jin mawaƙi. Idan bayan duk gwaji mikro biyu sun ƙi jituwa cikinta, gara a cire ɗaya a yi aiki da guda.