Harshe da Adalci a Aikin Ba da Shawara: Nazari a kan Birnin Gombe

1.0 Gabatarwa

Aikin ba da shawara, wato zaman da ƙwararre kan yi da mai damuwa domin taya shi warware matsalarsa, ya sami gindin zama a Nijeriya bayan kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1976 da shigar da shi cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Sai dai da Ingilishi ake horar da masu yin sa, alhali da harsunan gida jama'a ke kawo kukansu. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa zaɓin harshe a wannan aiki batu ne na adalci.

2.0 Yanayin Harsuna a Gombe

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta ƙara zama matattarar masu magana da Fulatanci da Tera da Tangale da Waja da Tula da Bolanci. Rikicin Boko Haram, musamman a 2014, ya koro mata 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe da Adamawa, cikinsu har da masu jin Barbarci da Bura da Margi. Hausa ce ta haɗa waɗannan al'ummomi, shi ya sa ma'aikacin jinya ko jami'in walwalar jama'a kan ɗauka cewa kowa Hausa ta wadace shi.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

Da farko, Hausar da mutum ya koya domin ciniki ba lalle ta ɗauki nauyin bayyana baƙin ciki ba. Wanda ya rasa 'ya'yansa yana iya cewa "ba na jin daɗi" kawai, a ba shi maganin zazzaɓi.

Na biyu, kalmomin kansu suna da nauyi daban-daban. "Damuwa" tana ɗaukar ƙaramin ɓacin rai da kuma ciwon da ke buƙatar likita, ita kuwa "taɓin hankali" tana jawo tsangwamar da kan sa dangi su ɓoye majinyaci.

Na uku, al'ada kan taƙaita magana. A tarbiyyar Fulani ta *pulaaku*, *semteende*, wato kunya, da *munyal*, wato haƙuri, kan hana mutum faɗin ciwonsa ga baƙo. Ma'aikacin da bai san haka ba sai ya fassara shirun da taurin kai.

Na huɗu, idan aka rasa tafinta, miji ko ɗa ake sa wa ya fassara. Matar da ake zalunta a gida kuwa ba za ta iya kai ƙara ta bakin wanda take kuka da shi ba. Nan sirri ya tafi, haƙƙi ya bi shi.

4.0 Kammalawa

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyaci. Amma haƙƙin da ba a bayyana wa mutum da harshen da yake ji ba, a takarda ya tsaya. Don haka ya kamata masana harshe, musamman na Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, su haɗa kai da masu wannan sana'a wajen tattara keɓaɓɓun kalmomin damuwa a harsunan yankin, tare da horar da tafintoci masu riƙon amana.