Cacar Ƙwallon Kwamfuta: Me Ya Sa Take Jan Hankalin Mutane?

Duk ɗalibin da ya taɓa bi ta ƙofar jami'a da yamma ya san shagunan nan masu talabijin jere a bango, matasa sun yi cirko-cirko suna kallo. Kwanakin baya na shiga ɗaya daga cikinsu da naira ɗari biyar, don in gane wa idona abin da ke riƙe su.

Abin da na tarar ba wasan gaske ba ne. 'Yan wasan zane ne na kwamfuta, an sa musu sunaye masu kama da na ƙungiyoyin Ingila, kuma kowane zagaye ba ya wuce 'yan mintoci. Babu koci, babu rauni, babu ruwan sama. Wata manhaja ce ke zaɓen sakamako ta hanyar lambobin da take fitarwa haka siddan, sannan a nuna maka hoton wasan. Saboda haka mai cewa ya “karanci” ƙungiya kaza yaudarar kansa yake yi.

Ga lissafin kamfani. A ce sakamako biyu ne masu damar faruwa daidai, an kuma sa wa kowanne 1.90. Mutum ɗari sun zuba naira ɗari-ɗari a wannan, wasu ɗari a wancan. Kamfani ya karɓi 20,000, ya biya 19,000, ya riƙe 1,000 ko wa ya ci. Wasan gaske sai an jira ƙarshen mako; wannan kuwa idan duk minti uku ake yi, sau ashirin ke nan a awa ɗaya ake yankar wannan kaso.

To, me ke mayar da mutum? Masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, B. F. Skinner, ya gwada tantabaru a shekarun 1950. Ya ga cewa tantabarar da ake ba hatsi jifa-jifa, ba ta san lokacin da zai zo ba, ta fi naci wajen sarar maɓalli a kan wadda ake ba a ƙa'ide. Rashin tabbas ɗin shi ne ƙugiyar. Ni kaina na ɗanɗana. Na haɗa wasanni huɗu, uku suka shiga, na ƙarshe ya yanke tikitin. Maimakon in ce na faɗi, sai zuciyata ta ce saura ƙiris. Na sake zubawa.

Akwai kuma talauci da zaman kashe wando. Ga wanda kuɗin makaranta ya sha masa kai, naira ɗari da za ta iya zama dubu hamsin tana kama da mafita, duk da ya san Musulunci ya haramta caca ƙarara a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida.

A watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ni dai ɗari biyar ɗina ba ta kai rabin awa ba, a ƙasa na koma hostel.