Daga Iska Zuwa Kogi: Inda Ƙarfin Gonarka Yake Tafiya

Gabatarwa

Ya kai manomi, idan aka yi ruwan farko mai ƙarfi, tsaya a gindin gonarka ka dubi ruwan da yake fita. Za ka gan shi ja ko baƙi-baƙi, ɗauke da ƙasa da guntayen kara. Cikin wannan ruwa akwai sinadarin kabon, wanda shi ne ginshiƙin ƙarfin ƙasar noma. Wannan bayani zai nuna maka inda kabon yake fitowa, yadda yake isa manyan koguna irin su Kwara da Binuwai, da abin da za ka yi don rage asararsa.

Daga iska zuwa ƙasa

Kabon yana cikin iska a matsayin iskar kabon dayoksaid. Ganyen dawa, masara, shinkafa da itatuwa suna shaƙar ta, su haɗa ta da ruwa ta hanyar hasken rana, su gina jikinsu. Kusan rabin nauyin busasshen kara kabon ne. Idan ganye, saiwa da kashin dabbobi suka ruɓe, gara da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan mayar da su baƙar ƙasa mai laushi. Ita ce ke riƙe danshi da takin zamani har shuka ta amfana.

Ka sani cewa wannan dukiya kaɗan ce a wurinmu. A yawancin gonakin tudu na arewacin Nijeriya, kabon bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar sama ba, domin zafi yana saurin ruɓar da shi, ana kuma kwashe kara ko a ƙone shi.

Daga gona zuwa kogi

Ta hanya biyu ruwa yake ɗauke kabon. Ta farko ita ce zaizayar ƙasa: ɗigon ruwa yana farfasa ƙasar da ba ta da rufi, sai malale ya kwashi laka da guntayen ruɓaɓɓen ganye. Da yake waɗannan sun fi yashi rashin nauyi, su ne suke fara tafiya, a bar maka rairayi. Ta biyu kuwa ita ce narkewa: ruwan da ya nutse yana jiƙa ruɓaɓɓun abubuwa kamar yadda ake jiƙa ganyen shayi, ya bi ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a rafi. Ƙurar hunturu da tokar ƙunar daji su ma sukan sauka daga sama, ruwa ya wanke su.

Daga kwazazzabo sai ƙorama, daga ƙorama sai kogi. Kogin Kaduna da na Sakkwato suna zuba a Kwara. Gongola da Katsina-Ala suna zuba a Binuwai. Kwara ya taso daga tsaunukan Gini, tsawonsa kimanin kilomita 4,200. Binuwai kuma daga Kamaru. Sun haɗu a Lakwaja, suka nufi Tekun Atalantika. Masana sun ƙiyasta cewa kogunan duniya suna kai wa teku irin wannan kabon kimanin tan miliyan 400 a kowace shekara.

Ba duka yake isa teku ba. Ƙananan halittun ruwa suna cinye wani kaso, su mayar da shi iska. Wani yana kwantawa a fadama idan kogi ya cika ya janye, shi ya sa shinkafa take yin kyau a fadamun Bida da Kebbi. Wani kuma yana taruwa a bayan madatsun ruwa, kamar Kainji da aka kammala a 1968 da Shiroro na 1990, inda laka take rage zurfinsu. Sai dai ba a dogara da kyautar ambaliya: ta 2012 da ta 2022 sun cinye gonaki masu yawa, wasu kuma yashi ya binne su.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ka bar wani ɓangare na kara da ganye a gona, kada ka cinna wa saura wuta.
2. Ka yi kunya a gicciyen gangare, ka riƙa datse kwarin kunya don ruwa ya tsaya ya nutse.
3. Ka dasa jema ko gamba a jere a iyakar gona da bakin kwazazzabo.
4. Ka zuba takin gargajiya, ka haɗa hatsi da wake, gyaɗa ko waken soya.
5. Ka bar itatuwa irin su gawo da ɗorawa a gona.
6. Kada ka yi noma har bakin gaɓar kogi. Ka bar ciyawa da itatuwa su tace ruwa.

Ga malamin gona

Ka ɗebi ruwan malale a kwalabe biyu, ɗaya daga gonar da aka share ƙal, ɗaya daga wadda aka rufe da kara. Ka ajiye su kwana ɗaya, sannan ka nuna wa manoma lakar da ta kwanta a kowace. Gani ya kori ji. Ka tunatar da su cewa ƙasar sama takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, amma damina ɗaya tana iya kwashe ta.